Sandar da Ke Magana da Bakin Sarki

A tsohuwar daular Dahome, wadda ƙasarta ke kudancin Jamhuriyar Benin ta yau, manzon sarki ba ya buƙatar takarda ko hatimi kafin a gaskata shi. Da ya shigo gari sai ya fito da wata gajeriyar sanda mai lanƙwasasshen kai, ya ɗaga ta. Kowa sai ya zube ƙasa, har mai garin kansa, a saurari saƙo tamkar sarkin ne da kansa ke tsaye. Mutanen Fon suna kiran sandar nan makpo, Faransawa kuma récade. A yau da yawa daga cikin irin waɗannan sanduna suna kwance a akwatunan gilashi da ɗakunan ajiya na Turai, an liƙa musu lamba da 'yar takardar bayani. Labarin yadda suka je can, da yadda kaɗan daga ciki suka dawo, darasi ne ga duk al'ummar da ke da fada da kayan sarauta.

Daga ƙotar fartanya

Makpo ba doguwar sanda ba ce irin ta dogarawa. Tsawonta wajen kamu ɗaya ne, kanta a lanƙwashe kamar ƙota. Masu ba da tarihin baka na Abome, babban birnin daular, sun ce asalinta daga gona ne: abokan gaba suka far wa wasu manoma ba zato, su kuwa suka kare kansu da ƙotocin fartanyunsu har suka yi galaba. Daga nan ƙota ta zama makami, makami ya zama alamar mulki. Sarki yakan rataya ta a kafaɗa idan zai fito, ya riƙe ta idan zai yi rawa a gaban jama'a, ya kuma danƙa ta ga manzo idan zai yi aike.

Masassaƙa da maƙeran fada ne ke yin ta, su ƙawata kanta da baƙin ƙarfe, ko tagulla, ko azurfa, ko hauren giwa. Adon nan kuwa yana ɗauke da ma'ana, domin kowane sarki yana da tambarinsa. Agaja, wanda ya faɗaɗa daular har bakin teku, jirgin ruwa ne alamarsa. Agonglo abarba. Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ɓauna. Ɗansa Glele, da ya gaje shi har zuwa 1889, zaki. Behanzin, sarki na ƙarshe da ya yi mulki da cikakken 'yanci, ya zaɓi kifin shak, sarkin ɓarnar teku, don ya shaida wa Turawan da ke bakin gaɓa cewa shigowa ƙasarsa ba za ta yi sauƙi ba. Talaka wanda bai taɓa ganin fuskar sarki ba, da ya dubi kan sanda ya san daga bakin wa magana ta fito. Sanda ce, amma tana aikin da wasiƙa da hatimi da tuta suke yi a wasu dauloli.

Nuwamban 1892

Faransa ta yaƙi Behanzin sau biyu, a 1890 da 1892. A yaƙi na biyu rundunar Alfred Dodds, wanda haifaffen Saint-Louis ne ta Senegal, ta haura zuwa Abome. Da yawa daga cikin sojojin rundunar 'yan Afirka ne, har da rukunin da Faransawa ke kira dakarun Hausa, abin da ya kamata mu sani ko da bai yi mana daɗi ba. Da Behanzin ya ga birnin zai faɗi, sai ya sa wuta a fada ya janye arewa. Dodds ya shiga Abome a watan Nuwamban 1892, aka kwashe abin da wuta ta bari da abin da aka tono. Behanzin ya miƙa wuya a Janairun 1894, aka kai shi tsibirin Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906.

Dodds ya ba da wani kaso na ganimar ga gidan tarihi na Trocadéro a Faris. Daga nan kayan suka koma Musée de l'Homme, daga bisani kuma gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006. Wasu sandunan kuwa sun shiga jakunkunan hafsoshi da jami'an mulkin mallaka, 'ya'ya da jikoki suka gada, suka ƙare a kasuwannin gwanjon kayan tarihi.

Gaskiya ne cewa gidan tarihi yana tsare abu daga gara da danshi da gobara, kuma ma'aikatansa da yawa mutane ne masu ƙaunar aikinsu. Amma akwai abin da gilashi ba ya iya tsarewa. Makpo tana da kirarinta, da rawar da ake yi da ita, da mutanen da suka san wa ya cancanci ya taɓa ta. Duk wannan ilimi a Abome ya zauna, itacen da ƙarfen kaɗai suka tafi Faris. Mai kallo a can yana ganin sassaƙa mai kyau, jikan Abome kuwa yana jin labarin abin da bai taɓa gani ba. Kowane ɓangare rabi ya riƙe.

Doguwar hanyar dawowa

A 2016 gwamnatin Benin ta Shugaba Patrice Talon ta nemi Faransa a hukumance ta mayar da kayan Abome. Faransa ta ƙi, bisa hujjar cewa dokarta ta hana fitar da duk abin da ya shiga rajistar dukiyar ƙasa. Sai a Nuwamban 2017 Shugaba Emmanuel Macron ya tsaya gaban ɗalibai a Wagadugu ya ce yana son a samar da hanyar mayar da kayan gadon Afirka cikin shekara 5. Ya ɗora wa masana biyu, Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa, aikin bincike. Rahotonsu na Nuwamban 2018 ya ƙiyasta cewa gidajen tarihin gwamnatin Faransa suna riƙe da kaya kusan 90,000 daga Afirka kudu da Sahara, wajen 70,000 daga ciki a Quai Branly kaɗai.

Daga cikin wannan tarin, sai da majalisar Faransa ta yi doka ta musamman a Disamban 2020 kafin a saki guda 26 ga Benin, da takobi ɗaya ga Senegal. Takobin shi ne wanda ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, malamin nan da ya zauna shekaru a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Kayan Abome sun sauka Kwatano ranar 10 ga Nuwamban 2021: mutum-mutumin sarakuna uku, karagun mulki, ƙyamaren fada huɗu, da sandunan makpo uku, da sauransu. Da aka baje su kyauta a fadar shugaban ƙasa a farkon 2022, mutum kusan 200,000 suka yi layi don su gani. Wannan adadi kaɗai ya isa amsa ga masu cewa mutanen Afirka ba su damu da irin waɗannan kaya ba.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bi ta majalisa ba. Wasu dillalan kayan tarihi na Faris sun riƙa sayen sandunan daga gwanjo suna ba da su kyauta ga wani ƙaramin gidan tarihi da aka buɗe a 2015 a gefen Kwatano, Petit Musée de la Récade, wanda aka keɓe wa makpo. A Janairun 2020 sun ƙara masa kaya guda 28. Aiki ne abin yabo, sai dai yana nuna inda aka kwana: sai an sa kuɗi an fanshi abin da aka ɗauka da bindiga.

Aro da mallaka

A Gana labarin ya ɗauki wani salo. Sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley sun wawashe fadar Kumasi a 1874. Bayan shekara 150, a 2024, gidan tarihi na Birtaniya da na Victoria and Albert suka aika wa sarkin Asante, Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu, kaya 32 na zinariya da azurfa, har da takobin sarauta, aka baje su a gidan tarihi na fadar Manhyia. Amma aro ne na shekara 3, da damar a ƙara wasu 3, domin dokokin Ingila, irin ta 1963 da ke kula da gidan tarihi na Birtaniya, sun hana bayarwa dungurungum. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin lura shi ne Ingila ta fi kowa sanin cewa sandar mulki ba kayan kallo kawai ba ce. Sandar sarautarta, wadda aka ƙera a 1661, tana ajiye a Hasumiyar Landan, masu yawon buɗe ido suna biya su gan ta. A kanta akwai lu'ulu'un Cullinan na ɗaya mai nauyin karat 530, wanda aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Duk da haka an fito da ita an ɗora kan akwatin gawar Sarauniya Elizabeth a Satumban 2022, an kuma danƙa ta a hannun Sarki Charles ranar naɗinsa, 6 ga Mayun 2023. Ana adana ta, ana kuma aiki da ita. Abin da Abome da Kumasi ke nema ke nan, ba ƙari.

Namu na gida

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan magana. Sarkin Kano yana fita da tagwayen masu. Katsina tana da takobinta Gajere, wanda tarihi ke dangantawa da Korau. Daura tana riƙe da takobin da ake jingina wa Bayajidda. Shehu Usmanu ya ba da tutoci ga irin su Modibbo Adama, da Buba Yero, da Yakubun Bauchi, tutar kuwa ita ce shaidar izini. Sandar girma da gwamna ke miƙa wa sabon sarki a yau ta zo ne da Turawan mulkin mallaka, ta hau kan waɗannan tsofaffin alamomi, har wasu matasa suna zaton ita ce asalin kayan sarauta.

Alherin da muka samu shi ne yawancin manyan kayan nan suna nan a fadodinsu, ana fito da su ranar naɗi da hawan salla. Haɗarin da ke gabanmu na cikin gida ne. Najeriya ta sha asarar kayan tarihi ta hanyar sata daga gidajen ajiyarta a shekarun 1980 da 1990, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma asarar da ta fi sata muni, wato mutuwar dattijon da ya san labarin kowane mashi da kowane tambari ba tare da an rubuta daga bakinsa ba.

Saboda haka aikin da ke kanmu a bayyane yake. Kowace masarauta ta yi rajistar kayanta da hoto da awo da sunan mai kula da su, domin abin da ba shi da rajista ba a iya nemansa idan ya ɓace. A zauna da shamakai da makaɗan fada da tsofaffin jakadu a naɗi bayaninsu da Hausa. A gyara gidaje irin su Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Kanta a Argungu, a sa su cikin tsarin ziyarar makarantu. Jami'o'inmu su tura ɗalibai su binciki kundayen gidajen tarihin Turai, waɗanda da yawansu suna intanet yanzu, su gano abin da ya fita daga ƙasashenmu da yadda ya fita. Mai neman a mayar masa da gadon kakanninsa, hujjarsa mafi ƙarfi ita ce yadda ya riƙe wanda ke hannunsa.