Zango na uku gajere ne: mu ba ɗalibai lokacin karatu

Iyalan sansanin Minawao, zango na uku shi ne mafi gajarta a shekarar karatu ta Kamaru. Ana komawa makaranta a watan Afrilu, kafin a ankara jarrabawa ta ƙarato. Ɗalibin da ya rasa mako biyu zai sha wuya kafin ya cim ma 'yan ajinsu.

Muna shawartar ɗalibai su rubuta ranakun jarrabawa a bangon littafi, su ƙirga makonnin da suka rage, su raba darussa a kansu. A fara da darasin da ya fi wuya, da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. Kada a dogara da dare, domin cajin fitila yakan ƙare.

Iyaye, muna roƙon ku rage wa masu jarrabawa ɗiban ruwa, neman itace da bin layin rabon abinci, musamman 'yan mata.

Tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda UNHCR ke gudanarwa tun 1992, yana duba sakamakon kammala sakandare. Makonnin nan na iya buɗe wa ɗanku ko 'yarku wannan ƙofa.