Tsohuwar Kwamfiresar Mota Za Ta Iya Ba Taya Iska?

Tsakanin ƙauyukan Danko da Zuru, taya kan sace a inda babu mai faci. Motoci irin su Range Rover suna da ƙaramar kwamfiresa mai hura jakunkunan iskar da ke ɗaga jikin motar. In an ciro ta daga matacciyar mota, batir mai volt 12 zai tashe ta, sai a haɗa mata fis, tiyo da ma'aunin iska.

Matsalarta zafi. An ƙera ta ne ta yi aiki kaɗan ta huta, iskarta kuma ba yawa. Tayar babur ba wuya, amma ta Hilux sai ana kashe ta tana hucewa, in ba haka ba ta ƙone.