Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

 A wannan mako za mu yi zance a kan yadda muke karɓar 'yar'uwar da wata lalura ta sama.

Bari mu soma da abin da kowa ya sani. In kika shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, za ki ga dattawa masu tsagar Gobirawa a kumatu. A Tsamaye wannan tsaga abin alfahari ce, tana nuna asalin mutum tun daga Alkalawa har Tsibiri. Amma yarinya mai irin wannan tsaga, in aka kai ta makarantar wani gari inda babu mai ita, tana iya wuni tana rufe fuska da gyale. To, me ya sake? Tsagar tana nan yadda wanzami ya yi ta. Idon masu kallo ne ya sake.

Wani malamin ilmin zaman jama'a a Amurka, Erving Goffman, ya rubuta littafi a kan wannan a 1963, mai suna Stigma. Kalmar ta mutanen Girka na dā ce, sunan tabon da suke yi wa bawa ko mai laifi da wuƙa ko wuta, don kowa ya gan shi ya kauce. Malamin ya nuna cewa har yanzu mutane suna yi wa juna irin wannan tabo ba tare da wuƙa ba. Sukan ɗauki abu guda daga jikin mutum su mai da shi sunansa, su manta da sauran halinsa duka. Ya kuma raba masu tabo gida biyu. Akwai wanda nasa ya fito fili, yana fama da kallon jama'a. Akwai wanda nasa ke ɓoye, yana fama da tsoron ranar da za a gane.

A cikin mata, mai yoyon fitsari tana ɗanɗana duka biyun. Ku ji yadda abin yake samuwa. Mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan jariri ya tsaya a ƙugu, ya danne mafitsara a jikin ƙashi. Naman wurin ya rasa jini ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar ƙofa. Yawanci kuma jaririn ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri ma yakan jawo haka. Ba maita ba ce, ba hukuncin wani laifi ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin zama ko wurin cin abinci.

Da fari takan ɓoye. Tana wanke tsumma da dare, tana turara ɗaki, tana ƙin shan ruwa don kada ya zubo. Wannan ƙin shan ruwa kuwa ƙara ciwo yake yi, gama fitsarin yakan yi kauri, warinsa ya ƙaru, ya ci mata fata. In an yi suna a maƙwabta sai ta aika ta ce kanta ke ciwo. Ran da aka gane, sai zama ya sake. Galibi ba wanda zai fito ya ce mata ta tashi. Sai dai a shimfiɗa mata tabarma can bakin zaure, a ware mata kwanonta da moɗarta. Kishiya ta karɓe girki, tana cewa wai don ta huta. Masu sayen ƙuli-ƙulinta su koma wani gida. Yara su daina kiranta Inna, su laƙa mata wani suna. Daga nan sai miji ya ce ta tafi gida ta yi jinya, shi ke nan ba biko. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma in aka tara su, an cire mace daga cikin mutane tana da rai.

Goffman ya lura da cewa tabo yakan fantsama kan dangi. Shi ya sa za ki ga uwa ta kulle 'yarta a ƙuryar ɗaki shekara da shekaru, don kada ƙannenta su rasa manema. Wannan ɓoyo shi ne babbar hasara, domin cutar tana da magani.

Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin Babbar Ruga a Katsina a 1983 don aikin kuturta. Da ya ga yawan mata masu yoyo, sai ya koma yi musu aiki, ya ɗinke dubbai, ya kuma koya wa likitocinmu. Ana yin wannan aiki a Sakkwato, a asibitin mata da yara na Maryam Abacha, da Kano a asibitin Murtala. A tsallaken iyaka kuma, a Danja kusa da Maraɗi, an buɗe asibitin masu yoyo a 2012. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna warkewa. In ma an kai mace da wuri, cikin makonnin farko, wani lokaci robar fitsari kaɗai takan isa ƙofar ta rufe. Tun 2013 kuwa duniya ta ware ranar 23 ga Mayu don tunawa da waɗannan mata.

Wajen ibada ma akwai sauƙi. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa fitsarin da ke zuba yawancin lokaci ba da son mutum ba, ba ya warware alwala. Saboda haka kada a bar ta ta daina salla don kunya. A tambaya mata malami.

To, mene ne namu? Malamin nan ya ambaci wasu mutane da ya kira masu sani, watau lafiyayyun da suka san asirin mai tabo, suka kuma ci gaba da zama da shi kamar dā. A gabansu ba ya buƙatar ɓoyo. Kowaccenmu tana iya zama haka. Ki kira ta da sunanta. In ta shigo, ki matsa mata a kan tabarmarki. Ki ci tuwon da ta tuƙa. Ki kai mata sabulu a ɓoye, ba a gaban jama'a ba. In yaronki ya yi mata waƙa, ki tsawata masa nan take. In ta dawo daga asibiti, ku je barka kamar yadda ake zuwa wa mai jego, ku koma sayen kayan sana'arta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne za ku karanta wa iyayenku wannan. Ku gaya musu kada rana ta faɗi sau biyu mace tana kan gwiwa. Kunyar haihuwar fari kan sa yarinya ta danne ciwo ta yi shiru, sai manya su lura da ita. Tun wajen 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa, tafiyar dare ta zama abin tsoro. Don haka in wata ya kama, gara a kai mai ciki gidan dangi kusa da asibiti tun naƙuda ba ta taso ba.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.