Miƙa Makulli Kafin a Tambaya: Yadda Git Ke Shaida Mai Amfani da Shi

Duk manhajar da ke cikin wayarka wasu ne suka zauna suka rubuta ta layi bayan layi, kuma da wuya a ce mutum ɗaya ne. Don kada aikin wani ya taka na wani, masu rubuta manhaja suna ajiye aikinsu a rumbun da ke riƙe tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, me ya canza. Kayan aikin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 domin aikin Linux. Rumbunan kuwa galibi suna zaune ne a kan uwar garke, irin ta GitHub ko GitLab ko ta wani kamfani, kuma ba kowane rumbu ne buɗe ga kowa ba.

Idan ka umarci Git ya kwaso maka rumbu ta adireshin https, ba ya fara faɗin ko kai wane ne. Buƙatar farko tana tafiya ba suna, ba kalmar sirri. In rumbun na jama'a ne, sai a ba shi. In kuwa rufaffe ne, uwar garken ta mayar da amsa mai lamba 401, tare da bayanin irin shaidar da take karɓa. A nan ne Git ke juyawa ga ma'ajiyar kalmomin sirri ta kwamfutarka, ko ya tambaye ka kai tsaye, sannan ya sake aika buƙatar ɗauke da shaida. Kamar baƙo ne da ya yi sallama a ƙofa, ba ya ciro katin shaida sai mai gadi ya ce "wane ne?"

Wannan tsari yana da hikima. Git bai san irin shaidar da wata uwar garke ke so ba sai ta faɗa, kuma babu dalilin fito da sirri inda ba a neme shi ba. Amma yana da cikas. Kowane aiki yana ɗaukar ƙarin zuwa da dawowa. Mafi muhimmanci, rumbun da ke buɗe ga kowa ba ya taɓa mayar da 401 ga mai karantawa, don haka Git ba zai gabatar da kai ba ko kana da asusu. Masu uwar garke kuma sukan taƙaita yawan buƙatun da suke karɓa daga wanda ba su sani ba, su sassauta wa wanda ya bayyana kansa. Na'urar kamfani da ke kwasar rumbu ɗaya dare da rana tana iya cin karo da wannan iyaka alhali tana da makulli.

Shekaru da dama masu sana'ar suna bin hanyoyin gefe. Wasu na cusa suna da kalmar sirri cikin adireshin rumbun kansa, abin da ke barin su a rubuce ƙarara cikin fayil ɗin saitin rumbun. Wasu na amfani da saitin http.extraHeader, wanda ya shigo a 2016, su liƙa shaidar a jikin kowace buƙata. Sai a Yulin 2024, a fitowar Git 2.46, aka kawo saitin http.proactiveAuth, wanda ke sa Git ya ɗauko shaida daga ma'ajiya ya aika tun a buƙatar farko. Ba a kunne yake zuwa ba; sai mai kwamfuta ya kunna da kansa.

Kafin a kunna, ya kamata a san abin da ake aikawa. A hanyar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira Basic, ana haɗa suna da kalmar sirri ne a juya su da tsarin Base64. Mai suna musa da kalmar sirri 1234 zai fita a matsayin bXVzYToxMjM0. A ido kamar an ɓoye, amma ba a ɓoye komai ba. Kowa na iya mayar da shi yadda yake cikin daƙiƙa. Abin da ke kare shi a hanya kawai shi ne rufin https. A kan http tsura, duk wanda ke tsakaninka da uwar garken zai iya karantawa, shi ya sa takardun Git da kansu suka gargaɗi kada a yi amfani da sabon saitin ba tare da wannan rufi ba.

Haɗari na biyu shi ne makulli ya faɗa hannun da ba nasa ba. Wanda ya saka http.extraHeader a saitin kwamfuta gaba ɗaya, bai ɗaure shi da adireshi guda ba, to duk uwar garken da Git ya tuntuɓa za ta karɓi shaidarsa, har da ta wani ƙaramin rumbu da aka jingina a cikin babba wanda bai ma san mai shi ba. Ko tsarin jiran 401 bai tsira gaba ɗaya ba: a Afrilun 2020 an toshe wata ɓaraka a Git, wadda Felix Wilhelm na Google ya gano, inda adireshin da aka ƙera da mugun nufi ke iya sa a miƙa kalmar sirrin wani shafi ga wani daban.

Saboda haka mai son aika shaida tun farko ya ɗaure saitin da adireshin uwar garke guda, kuma na https. Ya bar sirrinsa a ma'ajiyar kwamfuta, kada ya rubuta shi a adireshi ko a fayil ɗin da zai shiga rumbu. Sannan ya yi amfani da makullin wucin gadi mai taƙaitaccen iko da ranar ƙarewa maimakon ainihin kalmar sirrinsa. GitHub ma ta daina karɓar kalmar sirri a ayyukan Git tun 13 ga Agustan 2021. In irin wannan makulli ya fita, soke shi ake yi a yanki sabo, asusun kuma yana nan lafiya. Wanda kuwa aikinsa bai taɓa cin karo da iyakar buƙatu ba, babu abin da zai rasa in ya bar Git yana jira a tambaye shi.