Gubar da Muke Saye da Kuɗinmu

Da zarar an ɗauke wake daga gonakin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, kasuwar masu maganin ƙwari ta buɗe ke nan. Ranar kasuwa za ka tarar da su sun baza kwalabe a kan tabarma cikin rana, wasu da takarda a jiki, wasu an ɗura su a robar lemo ba suna ba kwanan wata. Mai saye ba ya tambayar abin da ke ciki. Tambayarsa ɗaya ce: "Yana da ƙarfi?" Mai sayarwa ya buɗe murfi ya miƙa masa ya shaƙa, warin ya doki hanci, a yi ciniki.

Alhali akwai ma'aikatar da aikinta ke nan. Ofishin noma na jihar Maradi yana da sashen kare tsirrai, yana da rassa a waɗannan gundumomi uku, da malaman gona har a ƙananan hukumomi. Dokar kare tsirrai ta 2015 ta hana shigowa da maganin da ba shi da izini, ta hana sayar da shi. Izinin kuwa kwamitin ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS ne ke bayarwa daga Bamako, kuma duk maganin da ya samu yana ɗauke da lamba a takardarsa. Gaskiya ne malaman ba su da yawa, iyakar Najeriya kuma tana da tsawo, babur ɗaya ya isa ya cika kasuwa da jarkoki. Shi ya sa bincike na farko yana hannun mai saye.

A duba ƙasan takardar, akwai zane mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya na bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Kwalbar da ba ta da takarda a bar wa mai ita kayansa, komai arha.

Piya-piya, wanda kusan kowane gida ya sani, sinadarinsa diklorbos ne, kuma ba abin yayyafa wa abinci ba ne. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015, da aka auna aka ga ya wuce ƙima. Waken da Bature ya ƙi, mu muke dafa irinsa mu ba yara da safe. Maganin ciyawa mai farakwat kuwa an hana shi a ƙasashen CILSS tun 2011, domin kurɓa guda na iya lalata huhu, kuma ba shi da makari. Ga ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhu: iska mai guba take fitarwa, don haka ajiye irin wannan buhun a ɗakin da ake kwana ganganci ne da rai.

Abin takaicin shi ne wake ba ya bukatar ko ɗigon magani kafin ya kai bazara. Buhun PICS, wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ce mai kauri cikin buhu na uku. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi. Kafin a zuba, a hura ledojin a matsa a ga ko suna da huda. A matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. Sai dai a yi haƙuri da yawan buɗewa. Uwargida ta ware na girki a wani mazubi. Jarka mai murfi da ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinta ba, in an cika ta fal an toshe, ita ma tana yin wannan aiki.

Haka tsutsar zangarniyar gero. INRAN da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun daɗe suna yaɗa wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe ta, ana rataye shi cikin 'yan buhunan algarara a ƙauyuka. Wanda ya bi bayansa da feshi ya kashe tsutsar da mai kashe ta gaba ɗaya, baɗi kuma tsutsar ce ke riga dawowa.

In feshin ya zama dole, a yi shi da sanyin safiya ko da yamma, iska tana bayan mai feshi, an rufe hanci da hannu da ƙafa. Ba cin goro, ba shan taba. Masu lambu a fadamar Gulbin Maradi su ƙirga kwanakin da takarda ta ce a jira kafin a tsinki tumatir ko kabeji. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda ta don kada ta koma ta man gyaɗa. Wanda ya fara dalalar da yawu, gumi, amai, ko numfashi ya yi masa wuya, a tuɓe masa tufa a wanke shi da sabulu, a garzaya da shi likita tare da kwalbar. Kada a ba shi nono ko mai, kada a tilasta masa amai. Wannan al'ada ta ba da nono tana cinye lokacin da ya kamata a ce an kama hanya.

Gubar ba a gona kaɗai ta tsaya ba, har ruwa take shiga. Kamun kifi yana hannun ma'aikatan gandun daji, su ke ba da takardar izinin su. Doka ta hana zuba guba a ruwa, amma in tabki ya fara janyewa ba a rasa mai tsiyaya magani da dare ya kwashi kifi da asuba. Ruwan nan shi shanu ke sha, a nan yara ke wanka. Wanda ya ga kifi birjik ciki sama ya sanar da mai gari da 'yan gandun daji, kada ya ɗauka rabo ne.

Saura zinariya. Samarinmu sun san hanyar Jado tun 2014, a 2021 kuma sai ga ta kusa da gida, a ƙasar Ɗan Isa. A watan Nuwamba na shekarar rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu, hukuma ta rufe wurin. Haƙar ma'adinai tana bukatar izinin ma'aikatar ma'adinai, wadda ke da ofishi a Maradi, kuma mallakar gona ba ta ba mutum abin da ke ƙarƙashinta. Na ƙasa ne. Haɗarin da ke biyo mutum gida ma ya fi na ramin ɓoyuwa. A Zamfara, a 2010, dutsen zinariya mai dalma da aka riƙa dakawa a tsakar gida ya kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Zaibar da ake ƙonawa don ware zinariya tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta fi illa ga mai ciki. Don haka in ɗanku ya dawo da buhun dutse, kada ya shiga turmin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, tufafin aikinsa kuma a wanke su daban da na yara.