Gane Maganin Ƙwari a Kan Farantin Gilashi

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda dafin dikulobos. Akwai hanya mai araha ta gano irin wannan dafi, wadda Bajamushe Egon Stahl ya daidaita a 1958. Akan shafe farantin gilashi da garin silika, a ɗiga abin da aka tatso daga wake kusa da gindinsa, sa'an nan a tsoma gindin cikin ruwan narkarwa. Ruwan yakan hau kamar kananzir a lagwani, kowane sinadari kuwa ya tsaya a zangonsa. Sai a fesa magani tabo ya bayyana, a gwada shi da na sanannen dafi da aka ɗiga a gefe. Amma fa sinadari biyu kan yi zango ɗaya, saboda haka ba a yanke hukunci sai an maimaita da wani ruwa dabam.