Yadda juyin mulkin Nijar ya sauya amon gitar Mdou Moctar

Ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna zagayen wasanni a Amurka. Kafin su ankara an rufe iyakokin Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. A ofisoshin Abuja, takardu ne aka rattaba wa hannu. Su kuwa 'yan Nijar uku na ƙungiyar sun wayi gari iyalansu na can, hanyar gida a toshe.

Mahamadou Souleymane, sunansa na yanka ke nan, Buzu ne bahago wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayoyin keke. Ba baƙon Arewa ba ne: a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008.

Kafin juyin mulkin sun riga sun kammala Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, kundin rock mai ƙara da zafin rai, wanda ya caccaki Faransa ba tare da kara ba, ya kuma yi kukan yadda Buzanci ke ɓacewa a bakin yara. Da zaman jira ya kama su, suka shiga wani ɗakin naɗar sauti a Brooklyn, suka jingine gitar lantarki, suka zauna wuri guda suka sake rera waƙoƙin nan da gitar katako cikin kwana biyu. Baitocin ba su sauya ba, amma muryar da a da take tsawa yanzu ta koma ta mai zaman makoki. Wanda ya saurari kundayen biyu a jere zai fi daɗewa da na biyun a zuciya, ko da yake na farkon ne ya fi tashe.

Da hanya ta buɗe, Ahmoudou Madassane ya koma gida da ƙaramar na'ura, ya naɗo muryoyin Buzaye masu amshi, aka ɗora. Tears of Injustice, hawayen zalunci, ya fito a Fabrairun 2025, wata guda bayan ficewar Nijar daga ECOWAS.